Mai Karanta wa Edita

Duk wanda ya taɓa aiki a mujallar nan ya san ta, amma da za a tare su ɗaya bayan ɗaya a ce su faɗi sunanta, da an ji kunya. Mama suke ce mata, daga farfesoshi har direba. Sun sha shayinta, sun zaune mata kujeru, wasu ma sun yi gyangyaɗi a falonta suna jiran mijinta, amma babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa tana da wani suna ban da wannan. Mijin kuwa Malama yake kiranta, don malamar firamare ya aura, ita kuma ta ce masa Malam, sai ka ce ma'aikata biyu da suka haɗu a ɗakin malamai.

Mujallar ta falsafar tauhidi ce. In ba ka san abin da ake nufi ba, to wuri ne da manya masu furfura suke cinye shafi talatin suna gardama a kan ko mutum yana da zaɓi a cikin abin da aka riga aka ƙaddara masa, sannan su rufe da cewa batun yana bukatar ƙarin bincike. Sau biyu take fitowa a shekara, in maɗaba'a ta ga dama. Masu karanta ta ba za su cika babbar mota ba, amma kowannensu gani yake da ba don shi ba da duniya ta kife. Malam ne ya kafa ta tun yana da baƙin gashi, a wani ɗan ofis da ke ƙarshen baranda a jami'a, mai taga ɗaya da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Shi ne editanta tun daga ranar har tsufa ya yi masa sallama.

Doka ɗaya ya kafa, kuma a kanta ba ya ɗaukar wargi. Duk maƙalar da ta shigo, sakatare ne yake fara karɓa, ya cire sunan marubucin, ya sa mata lamba. Edita kansa ba ya ganin suna. Daga nan a aika wa wani masani a fannin, shi ma bai san ta wa ce ba, ya duba ya rubuto hukunci: a buga, a gyara, ko a mayar wa mai ita. Da wannan doka Malam ya mayar wa shugaban jami'arsu maƙala, ya mayar wa amininsa, wanda ya daɗe ba ya amsa masa gaisuwa. Ko a jikinsa. Cewa yake suna yana toshe wa mai karatu kunne.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su, mace da namiji. Namijin Injiniya ake ce masa, don tun yana ƙarami babu rediyon da ya shigo gidan ya kwana lafiya. Yana dab da gama sakandare zazzaɓi ya kwantar da shi. Ran nan da safe jikin ya rikice, Malama ta kwashe shi zuwa asibiti, ta aika a gaya wa Malam. Shi kuwa yana maɗaba'a, ranar ce za a buga sabuwar fitowar mujallar, yana duban shafuka na ƙarshe. Ya ce a gaya mata yana nan tafe da zarar ya sa hannu, ai zazzaɓi ne, kuma ga likitoci. Da rana ta sake aikawa. Yaron ya yi ta tambayar babansa, ita kuma tana ce masa yana hanya. Sai da la'asar Malam ya iso, tawada a yatsunsa, ya tarar an riga an ja zane an rufe fuska.

Ya faɗi abin da ake faɗa. Ya ce ƙaddara ce, ya ce sai haƙuri, kuma ba ta musa masa ba, don ita ma ta san haka ne. Ba mutuwar ta riƙe shi da ita ba. Ta san ko da ya zo tun da safe ba zai ƙara wa yaron numfashi ɗaya ba. Abin da take jira magana ce guda: ya dube ta ya ce ya yi kuskure da bai zo ba, ya bar ta ita kaɗai a bakin gadon nan. Mutumin da zai iya tsayawa gaban ɗalibai ya yi sa'a guda yana bayani a kan tuba, wannan 'yar maganar ta gagare shi. Gidan ya yi tsit. Ba faɗa suke yi ba, da faɗan ne ma da ya fi sauƙi. Ta ajiye masa abinci, ya ci, ya yi godiya, ya ɗauki jakarsa ya fita. Haka shekaru suka yi ta tafiya, 'yarsu ta girma a tsakanin iyaye biyu masu ladabi ga juna, ta yi aure ta bar su.

Ciwon ido ne ya dawo da magana gidan. Ganin Malam ya fara dusashewa, aka yi ta canza tabarau har tabarau ya gaji. A lokacin ita ta yi ritaya daga koyarwa. Wata safiya ta tarar da shi ya manna takarda a hanci yana fama, sai ta zare ta daga hannunsa, ta ja kujera ta fara karantawa. Shi ke nan abin ya zame musu jiki. Kullum bayan karin kumallo, a teburin cin abinci kusa da taga, shi ya jingina ya lumshe ido ya haɗa hannu a ciki, ita ta karanta. Da farko tana tuntuɓe da dogayen kalmomin, yana gyara mata. Da tafiya ta yi tafiya sai ta fara sa baki. Akwai ranar da ta ajiye takarda ta ce, Malam, wannan bawan Allah shafi biyar ke nan yana sallama, har yanzu bai shigo ba. Malam ya yi dariya har da tari, dariyar da rabonta da jin irinta tun yaron yana raye, sannan ya sace maganar ya sa ta cikin hukuncinsa ba kunya ba tsoro.

Ita ce take rubuta hukuncin, yana faɗa tana rubutawa. Ita ma tana da tata dokar: ba ta taɓa canza masa kalma ko ɗaya, ko da ta ga ya tsananta. In ta ga zalunci ta faɗa masa da baki, su yi ta ja, amma abin da ya ce shi ne a takarda.

A wannan teburin suka yi maganar ƙaddara, da zaɓi, da dalilin da ya sa wahala take afka wa wanda bai ji ba bai gani ba. Sun zagaye yaron nan ta kowace kusurwa ba su taɓa shi ba. In wani marubuci ya kawo misali da mutuwar ɗa, takan sassauta murya, ta ɗan dakata, ta saci kallonsa. Shi kuma ya ce, ci gaba, Malama. Sai ta ci gaba. Duk da haka tana son safiyoyin nan fiye da yadda za ta iya faɗa, don a nan kaɗai take da miji.

Sai mantuwa ta shigo. Ta fara da ƙananan abubuwa, har ta kai ya aika wa maɗaba'a maƙalar da aka riga aka buga, ya kuma ce a tura wata ga wani masani da aka daɗe da binnewa. Malama ta yi iya ƙoƙarinta wajen rufa masa asiri, amma abin ya fi ƙarfinta. Ran nan mutum uku daga kwamitin mujalla suka zo gida, suka sha shayi, suka yi ta zuba masa yabo har ya rasa inda zai sa kansa. Tun a kofi na farko ta gane abin da ya kawo su, don ba a yi wa mai rai irin wannan yabo a banza. Shi sai da suka miƙe za su tafi ya fahimci an sauke shi.

Wanda aka naɗa tsohon ɗalibinsa ne, Dogo, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofishin. Ba shi da mugun nufi ko kaɗan, yana ƙaunar Malam, kuma a ranar miƙa ragama ya fi kowa share hawaye. Aka yi ɗan taro a ƙaramin zaure, aka sha lemo, aka yi jawabai. Kwamiti, da duk iliminsa, ya zauna ya yi shawara ya saya wa mutumin da ba ya gani agogon bango. An gode wa kowa, har mai maɗaba'a, kuma Dogo bai manta da Mama ba, ya gode mata saboda shayi. Malam ya miƙa makulli, ya riƙe hannun Dogo ya ce masa ya canza duk abin da ya ga dama, amma ya riƙe dokar cire suna. Tsohon sakataren ma a makon ya ajiye aiki, aka kawo wata sabuwa mai kwamfuta.

Safiyoyin suka zama fanko. Malam ya yi wanka, ya sa kaya, ya zo ya zauna a kujerarsa a daidai lokacin da suka saba, ya tambaya ko an kawo wani abu. Ta ce ba a kawo ba. Ta gwada karanta masa jarida, ya ce 'yan jarida ba su san bambancin hujja da ihu ba. Shirun nan na da ya fara leƙowa, kuma ta ji tsoronsa ƙwarai.

Wata safiya ya ce ta ɗauko biro, yau shi zai faɗa. Duk tsawon shekarun nan hukunci yake yanke wa rubutun mutane, bai taɓa rubuta wa mujallarsa maƙala ba, don a ganinsa edita ba ya cin abin da ya dafa wa baƙi. Yanzu da ya sauka hannunsa ya saku. Batun da ya ɗauko shi ne nadama: in komai an riga an ƙaddara shi, mene ne matsayin mutumin da yake cewa da na sani? Suka yi makonni a kai. Wata rana kansa garau, wata rana ya maimaita abin da ya faɗa jiya, ita kuma ta tuna masa. Da suka kai tsakiya ya kawo misali, ya ce ta rubuta: a ce wani uba.

Ya faɗi labarin ranar nan duka. Maɗaba'ar, da aiken farko, da na biyu, da tawadar da ke yatsu, da la'asar. Bai rage komai ba, bai kuma nema wa uban uzuri ba. Ta rubuta kowace kalma. Da ya kai ƙarshen misalin ta ɗago ta dube shi, tana jiran ya ce ni ne, Malama. Sai ya ce, sabon sakin layi.

Ranta ya sosu, amma ba ta fid da tsammani ba. Ta ce a ranta wannan mutumin da takarda ya iya magana. Bari a buga, ya riƙe mujallar a hannunsa, ya miƙo mata, a nan zai faɗa. Ya kuwa ƙare maƙalar da cewa ƙaddara ba ta sauke wa mutum nauyin wanda ya bari yana jiransa.

Da aka zo aikawa ya ƙi a sa sunansa ƙememe. Ya ce sabuwar sakatariyar za ta gani ta tsegunta wa Dogo, kunya kuma ta sa Dogo ya buga ko da shirme ne.

"Sa naki," in ji shi. "Babu wanda ya san shi."

Ta yi dariya, amma maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. 'Yarsu ce ta buga a kwamfuta ta aika da sunan uwarta.

Daga nan shiru kake ji. Sababbin hannu, aiki ya taru musu, damina ta zo ta wuce ba labari. Ita kuwa mantuwa ba ta jira kowa ba. Malam ya sha shayi ya tambaya ina shayinsa, ya kira 'yarsa da sunan ƙanwarsa. Tun yana tambayar maƙalar kullum, ya koma jefi-jefi, har ya daina. Abin mamaki, in ka kawo masa wata hujja a zance, editan nan na da sai ya farka tangaram, ya nuna maka inda ta karye. Zancen yaron kuwa ba ya yi, amma da ma can ba ya yi, don haka ta kasa gane ko yana tune da shi.

Ran nan da hantsi sai ga Dogo da kansa, da ambulan a hannu. Ya durƙusa ya gai da Malam, ya gai da Mama, ya zauna a bakin kujera yana murza hannu.

"Mama, wata maƙala ce ta shigo mana a kan nadama da ƙaddara," in ji shi. "Na duba duk masanan da muke da su, ban ga wanda ya kama ƙafar Malam a fannin ba. Ko layi biyu ne ya ba mu. Ba na so ya ga kamar mun jingine shi."

Ya ƙara da cewa da alama marubucin ya karanci Malam sosai, har salon ya ɗauko. Dogo bai san labarin yaron ba, don bayan rasuwar ya zo jami'ar, kuma ba zance ne da ake yi ba. Bai ga suna ba, kamar yadda aka yi masa wasiyya. Malam kuwa fuskarsa ta washe, ya gyara zama, ya ce a gaya wa kwamiti ba zai ɓata musu lokaci ba.

Bayan Dogo ya tafi ta buɗe ambulan. Babu suna, sai lamba a saman shafi. Ta karanta layin farko a zuci, nan take ta gane shi. Ita ta rubuta shi da hannunta a kan wannan teburin.

Wayarta tana nan kusa da tukunyar shayi. Kira ɗaya ya isa ta gaya wa Dogo an yi kuskure, an aiko wa mutum da tasa. Ta san abin da ya dace ke nan, kuma ba ta yi ba. Son ranta ta bi. Ta ce wataƙila in ya ji maganarsa daga bakinta, abin da ya kwanta zai tashi, ya gane, ya faɗi abin da ta ƙare shekarunta tana jira. Ba ta da wata dama bayan wannan, ta san haka sarai.

Ta ja kujera ta fara. Ya jingina, ya lumshe ido, ya haɗa hannu a ciki. A shafin farko ya gyaɗa kai ya ce wannan ya iya shiga magana. Can gaba ya ce marubucin ya maimaita kansa, a ja masa kunne. Yana cikin nishaɗi, har yana buga ɗan yatsa a hannun kujera. Ita kuwa tana ta juya shafi, tana matsowa kusa da misalin.

Ta iso wurin. A ce wani uba. Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma, maɗaba'ar, da aiken, da tawadar. Yatsan nan ya daina bugawa. Da ta kai la'asar ya ɗaga hannu alamar ta tsaya, ta tsaya. Agogon da aka ba shi yana ta motsi a bango.

"Wannan misalin a cire shi," in ji Malam.

"Don me, Malam?"

"Bai kamu ba. Misali sai ya yi kama da abin da zai iya faruwa. Wane uba ne za a aiko masa ɗansa yana asibiti, a sake aiko masa, ya zauna yana duban takarda?"

"Akwai su," in ji ta.

"To in akwai shi, ba maƙala ya kamata ya rubuta ba. Ya tashi ya tafi gida, ya durƙusa wa uwar yaron nan ya nemi gafararta. Wannan ba aikin mujalla ba ne. Rubuta haka."

Ta zuba masa ido tana neman wata alama, ko ta kunya, ko ta wayo, ko ta mutumin da ya gane amma ya ɓuya a bayan aiki. Babu. Fuskarsa fes take, fuskar mutumin kirki da ya ji an zalunci wata baiwar Allah da bai sani ba, ransa ya ɓaci dominta. A nan ta tabbata ya tafi. Mutumin da ya yi laifin, wanda shi kaɗai ne zai iya ba ta haƙuri, ba ya cikin gidan nan kuma, kuma ba zai dawo ba. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar da aka sauke shi, ya kusa kai na ranar asibiti.

Ya ɗan juyo da kai wajen da muryarta take.

"Ita uwar, marubucin bai ce komai a kanta ba. Wa ya tsaya tare da ita ranar?"

"Ita kaɗai ce."

"Allah sarki," in ji shi a hankali. "Baiwar Allah. Ta ga rayuwa."

Ta ɗauki biro ta fara rubuta hukuncin yadda ya faɗe shi, ba ta canza kalma ba, hawaye yana sauka a bayan hannunta. Ya ji shirun ya yi yawa, ya miƙo hannu yana lalube a kan tebur har ya taɓa nata. Ya ji bayan hannun a jiƙe, sai ya ce mata ta yi a hankali, kada ta ɓata wa mutane takarda.